Juma'ar da Na Bar Habboba a Gaban Bagadi

Ni ne na yi laifi, kuma ba ni da uzuri. Watanni na yi ina barin mutane su ɗauka tsautsayi ne ya faɗa mana, ni da wata tsohuwa 'yar cocinmu. Ba tsautsayi ba ne. Alkawari na ɗauka na saɓa, na kawo ƙarya na rufe, sannan na nemi in yi wa Allah wayo a wurin furta zunubi. Karatuna bai yi nisa ba, don haka zan faɗi abin yadda ya faru.

Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Katsina. Gidanmu 'yan Katolika ne tun daga kakana. Na bar gida da niyyar wucewa gaba neman aiki, guzuri ya ƙare mini a Omdurman, a ƙasar Sudan. Ina yawo a Kasuwar Libiya da yunwa sai na ji wani dattijo yana yi wa mai dako faɗa da Hausa. Na tsaya kamar an dasa ni. Shi ne Alhajin da ya ɗauke ni aiki a shagonsa na yadi, ya kuma ba ni ɗaki a gidansa da ke unguwar Alsawra. Kakanninsa Makka suka nufa a ƙafa, suka yada zango a nan, zango ya zama gida. Tun ranar farko na gaya masa addinina don kada ya ji a bakin wani. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Bahaushe kuma Kirista? Yau na ga abin da kakana bai gani ba. Ka iya auna yadi?" Na ce zan koya. Iyakar maganar ke nan.

Cocinmu ƙarami ne, yana can gefen gari, ginin jar ƙasa da rufin kwano. Yawancin masu zuwa mutanen Kudu ne da mutanen duwatsun Nuba, kuma da Larabci ake yin Misa, wato babbar ibadarmu. Ni kaɗai ne mai jin Hausa. Fadan da ke kula da mu tsohon Bature ne da ya tsufa a ƙasar, kowa Abuna yake ce masa, yadda ake kiran Fada a can.

Lokacin da na zo ban iya Larabci ba, sai na gaisuwa da na ciniki. Ranar da na fara shiga wurin furta zunubi, wani lungu ne bayan labule da kujera ɗaya da wurin durƙuso, na rasa abin da zan ce. Abuna ya gane. Da hannu da 'yan kalmomi ya nuna mini in faɗa da harshena, Allah yana ji, in na gama in bugi ƙirjina sau uku, shi kuma ya yi mini addu'ar gafara. Jinƙai ne ya yi wa baƙo. Ni kuwa na riƙe wannan sauƙin har shekara huɗu, bayan Larabcina ya kai in yi gardama da direba. Akwai daɗi mutum ya zazzage cikinsa gaban wanda ba ya fahimta.

Muna da wata al'ada a Juma'ar farko ta kowane wata. Bayan Misar safe, Abuna yakan sa Jikin Almasihu, wato gurasar da aka tsarkake, a cikin wani mazubi mai kama da rana da gilashi a tsakiya, ya ɗora a kan bagadi, teburin ibada da ke gaban coci, tsakanin kyandirori. Daga nan har la'asar ana zaman sujada a gabansa. Ba wa'azi, ba waƙa, shiru ne kawai. Doka ɗaya ce: ba a barin sa shi kaɗai ko na ƙiftawar ido. Akwai takarda a jikin ƙofa, kowa da awarsa, kuma ba ka tashi sai mai karɓarka ya shigo ya durƙusa. Shi Abuna yakan fita kai wa marasa lafiya Jibi, wato tsarkakakkiyar gurasar nan, a gidajensu, ba ya dawowa sai ƙarfe huɗu.

Tawa awar daga sha biyu ce zuwa ɗaya, don a lokacin an rufe shaguna an tafi masallaci. Ina son awar nan. Kwano yana ƙara saboda zafin rana, tantabaru suna tafiya a kansa, kiran salla yana shigowa ta taga daga masallatai uku ko huɗu, ni kuma ina durƙushe ina yi wa Ubangijina magana da Hausa.

Wadda nake karɓa wata tsohuwa ce 'yar Nuba, mai sayar da shayi a gindin dogon yaro kusa da tashar motoci. Kowa Habboba yake ce mata, wato kaka. Takan zo da guntun kwali ta durƙusa a kai. In na shigo sai ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta fita ba tare da ta ce uffan ba. A waje ne bakinta yake buɗewa. "Bahaushen Abuna," in ji ta, "har yanzu ba ka yi aure ba? Kana jira in yi zawarci ne? Mijina ya mutu shekara goma, kai ne ba ka da ido."

Shekarar da aka raba ƙasar, mutanen Kudu suka fara tafiya gida. Kowace Lahadi benci yana ƙara zama fili. Takardar jikin ƙofa ta cika da sunayen da aka soke. Masu awa biyun da ke bayana duk suka tafi, ba wanda zai zo sai matan da ke addu'ar rosari, carbinmu na Katolika, da ƙarfe uku. Da aka yi cigiya a coci, ni na ɗaga hannu, na ce a bar mini daga sha biyu har uku. Aka tafa mini. Na ji daɗin tafin fiye da yadda ya kamata.

Wata Lahadi da yamma, bayan Misa, Habboba ta tare ni a bakin ƙofa. Wannan karon ba wasa a fuskarta.

"Ɗana, Juma'ar nan kada ka makara."

"Na taɓa makara, Habboba?"

"Ka taɓa, sau biyu, ban dai faɗa ba. Ka ji ni da kyau. 'Yata za ta bi mijinta Kudu, da yaran duka uku. Sati biyu ke nan suna kwana a filin da ake loda motoci, can wajen Soba, ran Juma'a da ƙarfe biyu za su tashi. Ita kaɗai gare ni. Ni ba 'yar Kudu ba ce, ba inda za ni. In na fita nan sha biyu daidai, na haye gada, na canja mota, zan same su."

Na ce ta bar awar tata mana, wani ya riƙe mata.

"Wa? Ka ga wani? Kuma a ranar da za su hau hanya ne zan fasa zuwa gaban Ubangiji? Zan zo in damƙa masa su, sannan in je in sallame su."

Na dafa ƙirji na ce, "Sha biyu saura kwata za ki gan ni."

Ranar Juma'ar ta zo daidai da sunan jikan Alhaji. An yanka raguna biyu, gida ya cika tun safe. Mata suna tuƙa tuwo, ƙamshin miyar kuka ya kai har titi, abin da na yi shekara ban sa a bakina ba. Tsofaffi suna ta Hausarsu irin ta da, samari suna farawa da Hausa su ƙare da Larabci. Aka hura gawayi za a yi agashe, tsiren nan namu da ya zama na kowa a Sudan, sai aka ga na fi su iya haɗa ƙuli da yaji. Nan da nan aka bar mini wuta. Wani ya ɗanɗana ya ce wannan hannun gida ne. Shekara huɗu ina gidan a matsayin yaron shago, ranar ne na fara jin ana cewa "namu".

Wajen sha ɗaya Alhaji ya zo wucewa, ya tsaya.

"Ya zol," in ji shi, yadda ake kiran mutum a can, "ba yau ne kake zuwa zaman nan naku na coci ba?"

Shi da ba addininsa ba, ya tuna. Da na ce e, da shi da kansa zai sa a kai ni. Sai na ji bakina ya ce, "Ba komai, Baba, akwai mutane."

"Ka tabbata?"

"Akwai mutane da yawa."

Babban ɗansa ya yi dariya ya ce, "Kun ga amfanin Kirista a gida. Mu tafi masallaci, nama ba zai ƙone ba." Aka yi dariya, ni ma na yi.

Na ce wa kaina zan juya wannan layin kawai in tafi. Layin ya nuna na ɗora wani. Sha biyu da kwata wayata ta yi ƙara, na ga lambar maigadin coci. Na kife ta a kan tabarma. Ta sake yi, ta kuma sake. Na san abin da ake kira na a kai, ban manta ba, kada wani ya yi mini wannan uzurin. Ina juya nama ina lissafi: in ta fita sha biyu da rabi za ta iya samun su, in ta fita ƙarfe ɗaya ma wataƙila, ai motocin nan ba sa tashi a kan lokaci. Ko kuma ta gaji ta tafi, wa zai gani? Mazan suka dawo daga masallaci, aka zauna, aka ce in zauna a tire ɗaya da Alhaji. Na zauna na ci har na ƙoshi.

Uku saura kwata na isa coci. Maigadi, wani tsoho Musulmi da ya daɗe yana aiki a wurin, ya dube ni bai amsa sallamata ba. Ya ce tun sha biyu da rabi yake roƙon Habboba daga bakin ƙofa ta fito, shi zai kulle ɗakin da kwaɗo ya zauna a waje har wani ya zo. Ta ce masa, "Ba kaya ba ne da za a kulle."

Na shiga. Gwiwa ta gaza mata, tana zaune a ƙasa ta miƙe ƙafafu, fuskarta ga bagadi. Kusa da ita akwai ƙunshi: soyayyiyar gyaɗa, busasshiyar kuɓewa, da 'yan riguna uku. Na durƙusa. Ta juyo ta dube ni, ba fushi a idonta, tambaya ce kawai. A nan, a gaban bagadin, na raɗa mata cewa raksha ce ta kife da mu a hanya, keken nan mai ƙafa uku, kuma wayata ta faɗi sai daga baya aka tsinto mini.

Ta kama hannuwana biyu tana duba su. "Ka ji ciwo? Ina ne?"

Na nuna gwiwa.

"Mun gode wa Allah da ya tsare ka," ta ce. Ta ɗauki ƙunshinta ta fita da sauri irin na tsofaffi.

Ta je. Ta tarar da fili, sai tokar murhu da ledoji. Wata mai sayar da ruwa ta gaya mata wata mata ta tsaya a ƙofar mota da goyo tana ta duban hanya, har direba ya yi mata tsawa. Iyakar sanina, Habboba ba ta sake ganin 'yarta ba.

Ƙarya ba ta zama ita kaɗai, sai ta haihu. Ran Lahadi dole na shiga harabar coci ina ɗingishi. Habboba ta riga ta gaya wa kowa, mata suna ta yi mini sannu. Ta kawo mini man riɗi a 'yar kwalba ta ce in riƙa shafawa da ɗumi. A Alsawra da kasuwa ina tafiya garau, in na hango katangar coci sai in fara jan ƙafa. Wata rana na manta na ja ta hagu, wata mata ta ce, "Ba ta dama ba ce?" Na ce ciwon yana zagayawa. Mutum mai gemu, ina wannan wasan a ƙofar ɗakin Allah.

Na kai maganar wurin furta zunubi, ba zan ce ban kai ba. Na durƙusa bayan labule na faɗi komai dalla-dalla, har kifewar waya, amma da Hausa. Na bugi ƙirji sau uku, Abuna ya yi mini addu'ar gafara, na fito. Na ce wa kaina ai na faɗa, Allah ya ji. Amma Juma'ar farko da ta biyo baya, da Habboba ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta ƙara da shafa mini kai saboda tausayi, sai na kasa ɗaga ido in dubi bagadi. Awa uku na yi ina kallon siminti. Shirun da nake so a da ya zama kamar an tsare ni ana jiran amsa. Wata na biyu na sake furta abin, da Hausa. Wata na uku ma haka.

A karo na uku, na gama, na bugi ƙirji, ina jiran addu'ar gafara. Can Abuna ya yi gyaran murya.

"Ɗana, ba na jin harshenka. Amma wata uku ke nan kana kawo mini magana mai tsawo iri ɗaya, kuma kullum muryarka tana karyewa a wuri ɗaya. Abin da aka gafarta ba ya dawowa haka. Jiya kuma na ji ka a bakin ƙofa kana yi wa mai raksha ciniki da Larabcin da ya fi nawa. Faɗa mini yadda zan ji."

Abin da na faɗa sau uku ba tare da na yi tuntuɓe ba, da Larabci sai ya zama kamar ina haɗiyar ƙaya. Kowace kalma sai na ji ta a kunnen wani. Shi ba shi da ikon faɗin abin da ya ji a wurin har ya mutu, ni mai zunubin ne nake da ikon faɗa, shi ya sa nake rubutawa. Da na kai ƙarshe, don in rage nauyi, na ƙara da cewa kuma na ci nama ranar Juma'a, ranar da mu ba ma cin sa.

"Bar naman nan," in ji shi, "shi ne ƙaramin cikinsu." Sannan ya ce, "Da na ba ka izinin yin magana da harshenka, don Allah ya ji ka na ba ka, ba don ni in kasa ji ba. Gafarar Allah ba ciniki ba ce, zan yi maka addu'a, kuma ba zan tilasta maka ka tona kanka ba. Amma ka sani matar nan kullum tana gode wa Allah a kan haɗarin da bai faru ba. Kai ka sa mata wannan addu'ar a baki. Ka yi tunani."

Na yi tunani, har sati biyar. Sau biyu ina zuwa tasha, in hango ta tana fifita gawayi, in juya. Na ce ai faɗa mata zai ƙara mata ciwo ne kawai, gara ta zauna da abin da ta sani. Wannan ma dabara ce, na san kaina nake tausayawa.

Ranar da na je, safiyar Talata ce. Na roƙi Alhaji ya ba ni awa biyu, bai tambaye ni dalili ba. Na same ta a gindin bishiyarta, kwalaben citta da kirfa da na'ana'a a jere a gabanta, direbobi uku suna zaune a kan ƙananan kujeru suna shan shayi. Ta hango ni tun daga nesa.

"A'a, Bahaushen Abuna! Yau tafiya garau. Man riɗina ya yi aiki ke nan. Zauna, ango."

Na zauna. Ta zuba mini shayi ta miƙo, na karɓa na ajiye a ƙasa.

"Habboba, ƙafar ba ta taɓa ciwo ba."

Ta tsaya da cokali a hannu.

Na gaya mata. Sunan, da wutar, da tambayar da Alhaji ya yi mini, da amsar da na ba shi. Direbobin suka daina hira. Ɗaya ya ajiye kofinsa ya tashi, biyun suka zauna suna kallon ƙasa. Ita ba ta katse ni ba. Da na gama ta ɗauki mafici ta yi ta fifita wutar da ba ta buƙatar fifita.

"Wayar," ta ce, ba ta dube ni ba. "Ka ji ta?"

"Na ji."

"Sau nawa?"

"Sau uku."

Ta gyaɗa kai. "Ni ina can ina cewa, Ubangiji, yaron nan ba ya saɓa magana, wani abu ya same shi, ka tsare shi. Rabin addu'ar da na zo yi wa 'yata, kai na yi wa." Ta goge ido da bakin mayafinta. "Ƙaramar ba ta fara tafiya ba tukuna. Rigar tana nan a akwati. Yanzu ai ta yi mata kaɗan." Sannan ta dube ni ido cikin ido. "Naman ya yi daɗi?"

Na sauka daga kujerar na durƙusa a cikin ƙura, a gaban direbobin da masu wucewa, ban damu da wanda zai gani ba. Larabcin ya so ya guje mini, Hausa tana ta zuwa bakina, na danne ta, don wannan karon ina so a ji ni.

Na ce, "Habboba, ni na hana ki sallama da 'yarki da jikokinki. Ba mantuwa na yi ba, ina sane na zaɓi nama da yabon mutane na bar ki. Na yi miki ƙarya a gaban bagadi, na ci tausayinki wata huɗu, na karɓi man da kika saya da guminki. Ba ni da abin da zan mayar miki da ranar nan. Na cuce ki, uwata. Ki yafe mini. In ba za ki iya ba, ba zan ga laifinki ba."